Masu Gadin Sama da Ido da Agogo

Mai karatu, in ka taɓa kwana a waje lokacin bazara, wataƙila ka ga wani tauraro yana tafiya a hankali bayan magariba, ba ƙyaftawa, ba ƙara. Jirgin sama fitilarsa ƙyaftawa take yi, wannan kuwa tauraron ɗan'adam ne. Ba shi da wutar kansa. Duhu ya riga ya rufe ka a ƙasa, shi ko can sama rana tana haska shi. A shirinmu na wannan mako mun waiwayi tarihin mutanen da suka mai da kallonsa aiki, ba albashi ba lada.

Abin ya faro ne ran 4 ga Oktoba 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik 1, wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 83 da ɗoriya. Masu sha'awar rediyo a ƙasashe da dama sun kama ɗan kukan da yake aikowa har tsawon mako uku, kafin batirinsa ya mutu. A Amurka kuwa, tun 1956 masanin taurari Fred Whipple ya tara 'yan sa-kai a shirin Moonwatch: malaman makaranta, ɗalibai, matan gida. Kayan aikinsu ƙaramin madubin hangen nesa da agogo. Da Sputnik ya zo ba zato, manyan kyamarorin masana ba su gama shiri ba, sai rahoton waɗannan mutane ya cike giɓin. Shirin bai tsaya ba sai 1975.

To, ga wanda ya fi ban mamaki. A garin Kettering na Ingila, wani malamin kimiyya, Geoffrey Perry, da ɗalibansa suna sauraren taurarin Sobiyet da tsohuwar rediyo. A 1966 suka lura hanyar Kosmos 112 ba ta yi daidai da wuraren harbawa da aka sani ba. Suka bi sawu da lissafi har suka nuna wani wuri a arewacin Rasha, wato Plesetsk. Sobiyet ba ta amsa cewa wurin yana nan ba sai 1983. Ka ji fa, 'yan makaranta sun tona asirin babbar daula.

Daga 1997 aka shiga zamanin walƙiya. Kamfanin Iridium ya jera taurari 66 na wayar salula a nisan kilomita kusan 780. Kowanne yana da eriya uku masu sheƙi, girman ƙyauren ɗaki. In rana ta dake su daidai, sai haske ya faɗo ƙasa na 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci ya fi na Zara matar wata nesa ba kusa ba. Masu kallo kan lissafa wuri da minti tun kafin ya faru. Tsakanin 2017 da 2019 aka maye gurbinsu da sabbi, walƙiyar nan ta zama tarihi.

Aikin kam bai mutu ba. A Janairun 2018 wani ɗan Kanada, Scott Tilley, ya kama muryar IMAGE, tauraron hukumar NASA da ya yi shiru tun 2005. A Mayun 2019 kuma aka harba taurarin Starlink 60 a tashi ɗaya, mutane suka gan su a jere kamar ayarin raƙuma. Yanzu sun kai dubbai, har masana taurari na kukan suna ɓata musu hotuna.

Saboda haka, in haske ya gifta ta kan garinku, kada a yi saurin cewa alamar bala'i ce. Duba agogo, ka lura daga ina ya fito, ina ya nufa, yana ƙyaftawa ko a'a, ka rubuta. Da haka 'yan sa-kan Moonwatch suka fara. Masu harbawa na iya ɓoye takardunsu, amma abin da suka harba dole ya bi ta kanmu.