Asmar wurin aiki

Asmar wurin aiki ita ce cutar asma, ko fuka, wadda abin da mutum ke shaƙa a bakin aikinsa ya haddasa ko ya tsananta. An ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na asmar da ke kama manya tana da alaƙa da sana'arsu. Tun a shekarar 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya rubuta game da matsalar numfashi a tsakanin masu gasa burodi da masu tankaɗe hatsi.

Musabbabai

An gano abubuwa sama da 300 da ke jawo cutar. Daga cikinsu akwai ƙurar fulawa, garin katako, sinadaran goge-goge, robar safar hannu, gashin dabbobi, da sinadarin isosayanet da ke cikin fentin feshi na mota.

Alamomi

Alamomin sun haɗa da tari, shesheka, ɗaurewar ƙirji da sarƙewar numfashi. Sukan yi sauƙi a ranakun hutu, su dawo idan an koma aiki. Idan aka gano cutar da wuri aka raba ma'aikaci da abin da ke tayar masa da ita, yakan samu sauƙi sosai. Idan kuwa aka yi jinkiri, tana iya zame masa ta dindindin.

Rigakafi da harshen ma'aikata

Mafi ingancin rigakafi shi ne musanya sinadari mai cutarwa da wani marar illa, sai na'urar zuƙe ƙura, sannan takunkumin da ya dace da aikin. Sai dai a ƙasashe da dama baƙi 'yan ci-rani ne suka fi yawa a ayyukan shara, gini da gona, kuma da yawansu ba sa iya karanta gargaɗin da ke jikin kaya.

Yarjejeniya mai lamba 170 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1990, ta buƙaci a yi wa sinadarai masu haɗari lakabin da ma'aikata za su fahimta cikin sauƙi. A Amurka, hukumar OSHA ta jaddada a 2010 cewa dole a horar da ma'aikata da harshen da suke ji. Ma'aikatar lafiya ta jihar Kaliforniya tana wallafa takardun wayar da kai kan cutar da Turanci, Sifaniyanci da wasu harsuna.

Tsarin lakabi na Majalisar Ɗinkin Duniya yana amfani da hotuna 9. Hoton mutum mai alamar tauraro a ƙirji yana nuna, cikin wasu haɗurra, sinadarin da ke iya jawo asma, ko da ma'aikaci bai iya karatu ba.