Hasumiyar Iskandariya: Tsakanin Buroshin Mai Zane da Alƙalamin Matafiyi

Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan magana gaskiya ce, amma a fagen tarihi takan yi tuntuɓe, domin ba duk abin da ido ya gani a jikin bango ne shaida ba. A wannan maƙala za mu dubi hotunan hasumiyar Iskandariya ta ƙasar Masar, waɗanda masu sana'ar zane kan kwaikwaya da hannu, da fenti a kan ƙyalle, su sayar wa masu ƙawata ɗakuna da ofisoshi. Tambayarmu ita ce: mene ne ainihin abin da mai saye yake ratayawa?

Ginin da Rushewarsa

An soma gina hasumiyar a zamanin Sarki Batalimus na Ɗaya, aka kammala a zamanin ɗansa, Batalimus na Biyu, wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An kafa ta a tsibirin Faros da ke bakin tashar jiragen ruwa, tsawonta kuwa ya haura mita 100. Aikinta shi ne shiryar da matuƙa jirgi, domin gaɓar tekun wurin shimfiɗaɗɗiya ce, ga kuma duwatsu ɓoye a cikin ruwa. Ta yi fiye da shekara 1,500 a tsaye, har girgizar ƙasa ta ci ƙarfinta, musamman ta shekarar 956 da ta 1303 da ta 1323. A shekarar 1477 Sultan Ƙaitabai ya soma gina sansanin yaƙi a kan harsashinta, wanda yake nan har gobe.

Waɗanda Suka Zana ba su Gani ba

A nan ne gizo ke saƙa. Hotunan da suka fi shahara, waɗanda aka fi kwaikwaya, an yi su ne bayan hasumiyar ta zama labari. Maarten van Heemskerck, mutumin ƙasar Holan, an haife shi a 1498, wato bayan Ƙaitabai ya riga ya gina sansaninsa. Zanensa na abubuwan al'ajabin duniya, wanda Philips Galle ya sassaƙa a farantin tagulla aka buga a 1572, ya fito ne daga karatu da kuma zato. Haka nan Fischer von Erlach, magini ɗan ƙasar Ostiriya, ya sanya hasumiyar a littafinsa na tarihin gine-gine a 1721. Kowanensu ya ɗinka mata riga irin ta ƙasarsa da zamaninsa.

Saboda haka mai zanen yau da ya zauna ya kwaikwayi aikin Heemskerck, ko da bai kuskure layi ɗaya ba, amanar hoto ya riƙe, ba amanar gini ba. Kwaikwayo ne na zato. Idan aka rataya shi ba tare da bayani ba, yaron da ya tashi yana kallonsa zai rantse cewa haka hasumiyar take.

Waɗanda Suka Gani sun Rubuta

Shaidun gani da ido kuwa yawancinsu alƙalami suka riƙe. Al-Balawi, malami daga Malaga ta Andalus, ya shiga hasumiyar wajen shekarar 1165, ya auna ta da igiya, ya bar mana bayanin hawa-hawanta: na ƙasa mai kusurwa huɗu, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama kuma kewayayye. Ibn Jubairu ya gan ta a 1183 a kan hanyarsa ta zuwa aikin hajji. Shi kuwa Ibn Baɗuɗa, wanda daga baya ya ƙetaro Sahara har ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa, sau biyu ya ziyarce ta. A 1326 ya tarar gefe ɗaya ya zube. Da ya komo a 1349 ta lalace har ba a iya shiga.

Akwai kuma wata shaida ƙarama amma mai nauyi, wato sulallan da aka buga a Iskandariya a zamanin mulkin Rumawa, masu ɗauke da surar hasumiyar lokacin da take tsaye. Waɗannan sulalla da rubuce-rubucen Larabawa su ne Hermann Thiersch, masani Bajamushe, ya haɗa har ya fitar da nasa zane a 1909, mai hawa uku. Shi ma ƙiyasi ne, sai dai ƙiyasi mai madogara. Daga 1994 kuma masu nitso ƙarƙashin jagorancin Jean-Yves Empereur suka soma nazarin ɗaruruwan manyan duwatsu da gumaka da ke kwance a ƙasan teku kusa da sansanin Ƙaitabai. Ta haka dutse ya zo yana gaskata takarda.

Kammalawa

Ba muna cewa a yi watsi da waɗannan hotuna ba ne. Sana'ar kwaikwayo tana da daraja, kuma aikin Heemskerck tarihi ne a karan kansa: yana nuna mana yadda Turawan ƙarni na 16 suka ƙiyasta tsohuwar duniya. Abin da muke kira gare shi shi ne a sanya kowane abu a muhallinsa. Duk wanda ya tsaya gaban hoton tarihi ya kamata ya tambayi abu uku: wa ya zana na asali, a wace shekara, kuma ya ga abin da idonsa ko labari ya ji?

Wannan darasi ya shafe mu, mu ɗaliban adabi da tarihi. Sarauniya Amina ta Zazzau ba ta zauna gaban mai zane ba, amma fuskar da muka saba gani a littattafan makaranta ta zauna a zukatanmu kamar gaskiya. Hoto yana da saurin shiga rai fiye da rubutu, shi ya sa kuskurensa ya fi wuyar fita. A batun hasumiyar Iskandariya dai, igiyar Al-Balawi ta fi buroshin Heemskerck kusa da gaskiya.