Daga Ƙofar Mata Zuwa Sabon Gari, da Ƙafa

Duk baƙon da ya ce in zaga da shi Kano, sharaɗina ɗaya ne: a ajiye mota. Dala da Kurmi da Gidan Makama kowa ma zai kai shi. Ni Waje nake kai mutum, da sassafe, kafin rana ta yi zafi.

Daga Ƙofar Mata muke tashi. In mun leƙa karofi mun yi wa marina sannu da aiki, sai in ce ya ba ganuwa baya, abin da ya rage nata dai. Duk abin da ke gabansa masaukin baƙi ne. Kanawan dauri ba sa korar baƙo, amma ba kowa ake yi wa shimfiɗa a cikin birni ba.

Fagge ce ta fari. Masana tarihi suna kai asalinta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A da zango ce ta Abzinawa. A nan ayari ke durƙusar da raƙuma, a sauke gishirin Bilma da dabino, a ɗora hatsi da fata da turkuɗi a koma Arewa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sai ga wasu baƙin, Kwarori daga Labanan da Siriya, aka ba su fili a Fagge ta Kudu. Wurin ne Kantin Kwari na yau. Kantunan sun koma hannun Hausawa, atamfa da shadda da leshi kuwa galibi daga Sin suke zuwa. A nan nakan riƙe hannun baƙona, don in ɗan dako ya ce “hanya!” ba shawara yake nema ba.

Sai Wapa. Sunan tsohon gidan sinima ne, yanzu kuwa 'yan canji ne za su yi ta kiranka “Alhaji, dala ko sefa?” Garin nan da dala: ga dutsen, ga ta gyaɗa da ta ɓace, ga ta Amurka da ta hana mu barci.

Mu ratsa kasuwar Singa mu faɗa Bata, wurin da kamfanin takalma ya bar wa suna. Daga nan ka shiga wani zamani. Raƙumi ne ya kafa Fagge, jirgin ƙasa ya kafa Sabon Gari. Layin dogo ya iso Kano a 1911, a 1913 Turawa suka yanka unguwar don akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar da suka biyo shi daga kudu. A hannunsu suka riƙe ta, ba a ƙarƙashin Sarki ba, sai a 1940 ta koma hannun En'e.

Abin da ya sa na hana mota ke nan: a cikinta ba ka karanta sunan titi. Ga Gold Coast, ga Freetown, shaidar cewa cikin mazaunan farko akwai mutanen Gana da Saliyo. Ga Abeokuta da Ijebu, ga Aba da Enugu da Warri, a miƙe sambal kamar an ja su da zare, ba irin lungunan cikin gari ba. Kuma da yawan masu ganin Sabon Gari ba ta Kanawa ba ce sun manta a nan mutum takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu, suka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950.

Ba na ɓoye wa baƙo ɗacin. Tsakanin Fagge da Sabon Gari aka gwabza a rikicin Mayun 1953. An zubar da jini a 1966, Sabon Gari ta kusa zama kufai. Bam ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road a Maris na 2013, gobara ta ci Kasuwar Abubakar Rimi a Maris na 2016. Kowane karo mutane sun dawo sun buɗe rumfa.

A France Road muke hutawa. Kwanan baya na tsaya da wani aboki daga Maraɗi gaban shagon wani dattijo Inyamuri mai kayan wuta. Ya dubi ƙurar ƙafafunmu ya turo benci, ya ce, “Malam, daga ina haka a ƙasa? Ku zauna ku sha ruwa, ciniki ba ya gudu.” Abokina ya tambaye shi garinsu. Ya nuna layin da ke bayan shagon.