Daga Kakuri Zuwa Sabon Tasha: Yadda Gidajen Kudancin Kaduna Suka Yi Ta Sauya Hannu

Idan kana haya ko kana da gida a Kakuri, Makera, Nasarawa ko Barnawa, tambayi wani dattijo a layinku: wa ya gina gidan nan? Sau da yawa sunan da zai ambata ba na wanda ke ciki yau ba ne. Wani ya koma garinsu, wani ya ƙetare kogi, wani kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Masu nazarin birane suna auna wannan da abin da za mu kira sauyin hannu, wato cikin gidaje 100 a unguwa, nawa ne suka samu sabon mai su a shekara guda. Lissafin ba wuya. Idan mutane kan zauna shekara 20 a gida kafin su sayar, kusan gida 5 cikin 100 ne za su sauya hannu duk shekara. Idan zaman shekara 10 ne, gida 10 kenan.

Misali daga hamadar Amurka

Inda aka fi ganin wannan a fili shi ne garuruwan 'yan fansho. A ranar 1 ga Janairun 1960, kamfanin Del Webb ya buɗe wani gari mai suna Sun City a hamadar jihar Arizona, kusa da birnin Phoenix, musamman don waɗanda suka ajiye aiki. A ƙa'idar garin ta yau, sai gida na da mutum aƙalla ɗaya mai shekara 55 ko fiye. To ka duba: wanda ya sayi gida yana ɗan shekara 65, zamansa a ciki ƙidayayye ne. Ko rashin lafiya ta mai da shi wajen 'ya'yansa, ko ajali ya zo. 'Ya'yan kuma shekarunsu ba su kai na zama a garin ba, sai su sayar. Tunda sa'anni ne suka shigo lokaci guda, tare suke tsufa, tare kuma gidajensu ke fitowa kasuwa.

Kaduna ba hamada ba ce, kuma ba wanda ya gina Kakuri don tsofaffi. Amma abu ɗaya ya haɗa su: unguwa ce da tsara guda ta cika cikin ƙanƙanin lokaci.

Masaƙu suka tara mutane

Asali ƙasar Gbagyi ce, shi ya sa har yau ake da Kakuri Gwari da Kakuri Hausa. Turawa sun mai da Kaduna hedikwatar Arewa a 1917, suka kafa ofisoshi da gidajen manya a arewacin kogi, kudu kuwa ta samu mahaɗar jirgin ƙasa. A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri. A shekarun 1960 Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. Kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya zo a 1975, matatar mai kuma a 1980.

Samari suka yi ta kwararowa: Hausawa, Bajju, Atyap, Tibi, Idoma, Igala, Yarbawa, Ibo. Saurayi zai fara da hayar ɗaki guda, ya yi aure ya koma ciki da falo, ya shiga adashi ya sayi fili, ya yi ta ɗora bulo a hankali. Da yawa sukan gina ɗakuna a jere, su zauna a biyu su ba da sauran haya. Dabarar ita ce, ranar da ƙarfi ya ƙare, kuɗin haya ya riƙe gida. Gidan shi ne fanshon.

Da a ce komai ya tafi daidai, waɗannan gidaje sai tsufa da mutuwa za su fitar da su kasuwa. Abu biyu suka riga tsufa isowa.

Rufe masaƙu da rikici

Na farko, masaƙu sun durƙushe. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injina suka yi tsada, ga rashin wutar lantarki, ga atamfar waje da ake fasa-ƙwaurinta. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu na sallama, da dama sun rasu ba su karɓa ba. Abin ya bugi mai gida ta fuska biyu: shi ba albashi, ɗan hayarsa ma ba albashi. Wasu suka sayar suka koma ƙauye.

Na biyu, rikici. A watan Fabrairun 2000 faɗa ya ɓarke kan batun shari'ar Musulunci, ya sake tashi a watan Mayu. Sai na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, sai na bayan zaɓe a Afrilun 2011. Rayuka masu yawa sun salwanta. Musulmi da yawa suka bar kudu suka nufi Rigasa, Tudun Wada da Kawo. Kiristoci da yawa suka bar arewa suka nufi Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi da Gonin Gora. Wasu ma musaya suka yi, ka ba ni naka in ba ka nawa.

A kasuwar gidaje, mai gaggawa shi ke asara. Wanda tsoro ya kora ba ya jiran farashi, abin da dillali ya kawo shi zai karɓa. A ɗaya gefen kuma filaye suka yi tsada saboda kowa can yake so. Dattijon da ya sayar da gida mai ɗaki goma, sau da yawa kuɗin bai isa ya gina irinsa a sabuwar unguwa ba. Ya rasa gida, ya rasa kuɗin haya, ya rasa maƙwabtan shekara 30. Duk da haka rabuwar ba ta zama gaba ɗaya ba, don har yau akwai Musulmi da Kirista a Barnawa, Kakuri da Nasarawa.

Sauyin da ke gudana yanzu

Wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara 20 a 1965, ya kai 80 a 2025. Wato yanzu ne lokacin irin sauyin Sun City ya yi wa waɗanda suka rage. Gida ɗaya, magada goma, kowa da buƙatarsa, wasu suna Abuja wasu suna Legas. Idan gida bai rabuwa ɗaki-ɗaki, sai a yi masa kuɗi a sayar.

Nan ne takarda ke nuna amfaninta. Dokar filaye ta 1978 ta sanya ƙasar birni a hannun gwamna, kuma sayar da fili mai takardar mallaka na buƙatar amincewarsa. Gidaje da yawa kuwa an saye su ne da 'yar yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu. Na lokacin rikici ma, wasu an yi cinikinsu cikin sauri ba a canza suna ba. Shaidun nan su ma tsufa suke yi. Ranar da na ƙarshensu ya rasu, magana ta koma kotu, kuma mai saye zai karya farashi ko ya janye.

Saboda haka idan mahaifinka ko kakarka na da gida a waɗannan unguwanni, ka zauna da su tun suna da rai. Wa ya sayar musu? A wace shekara? Ina takardar, kuma sunan wa ke kanta? Su waye shaidu? Ka rubuta amsoshin, ka ɗauki hoton takardun, sannan ku je hukumar KADGIS, wadda ke kula da rajistar filaye a jihar Kaduna, ku duba matsayin gidan.