Yadda Kwamfuta Ta Fara Magana da Makafi

A shekarar 1978 ne Ted Henter, wani Ba'amurke ɗan tseren babur, ya gamu da hatsarin mota wanda ya raba shi da ganinsa. Bayan ya murmure sai ya duƙufa wajen koyon rubuta manhajar kwamfuta, har a 1987 shi da Bill Joyce, wanda shi ma makaho ne, suka kafa kamfanin Henter-Joyce a jihar Florida. A 1989 suka fitar da JAWS, manhajar da ke karanta wa makaho duk abin da ke kan allo da murya, domin ya samu damar neman abincinsa a ofis kamar kowa.

A wancan zamani aikin yana da sauƙi, saboda tsarin DOS rubutu ne zalla, layi bayan layi. Amma da Windows ya mamaye ofisoshi, da hotunansa da tagoginsa da linzamin da sai mai ido ke iya sarrafawa, makafin da suka samu aiki da kyar suka shiga fargabar rasa shi. Sai a 1995 JAWS ta fito a kan Windows, kuma nan ne aka gane cewa murya ba ta iya faɗin abin da maginin manhaja bai raɗa wa suna ba. Idan an bar maɓalli babu suna, makaho zai ji an ce "maɓalli" kawai, bai san ko na aikawa ba ne ko na gogewa. Irin wannan matsala ce ta sa ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin WCAG a 1999, waɗanda suka nemi kowane hoto ya zo da bayani a rubuce, kowane shafin yanar gizo kuma ya yi aiki da madannai kaɗai.

Abin da ya rage shi ne tsada, domin kuɗin JAWS ya fi ƙarfin talaka. A 2006 Michael Curran, wani matashi makaho a Ostareliya, ya fara gina NVDA, wata manhaja irin JAWS, abokinsa James Teh ya mara masa baya, suka sake ta kyauta ga duniya, masu sa kai suka fassara ta zuwa harsuna fiye da 50. A 2009 kuma Apple ya sanya VoiceOver a iPhone 3GS, makaho ya fara shafa gilashi yana jin sunan abin da yatsansa ya taɓa.

Henter da Curran da Teh duk makafi ne, kuma sun gina abin da su kansu suke bukata. Saboda haka duk mai ƙera manhaja a yau, ya sa makafi cikin aikin tun daga tushe, ya kuma ba su ita su gwada kafin ya kai ta kasuwa.