Ƙisasi da Dokar Turawa a Jihar Arewa, 1900 zuwa 1960

Akan ɗauka cewa gardamar da aka yi shekara da shekaru a kan hukuncin kisa, tsakanin sarakuna da alƙalai a gefe guda da jojojin Turawa a ɗaya gefen, gardama ce ta masu tsanani da masu sassauci. Wanda ya bi tarihin abin a tsanake zai ga ba haka ya kasance ba. Cikin ɓangarorin nan biyu babu wanda ya nemi a daina kashe mai kisa. Inda suka rabu shi ne a kan irin kisan da ya cancanci a biya da rai, da kuma wanda ke da iko da ran mai laifin bayan laifinsa ya tabbata.

Tun kafin zuwan Turawa alƙalan ƙasar Hausa da Barno suna hukunci da littattafan mazhabar Imamu Malik, watau Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim. A wajen Malikawa kisa iri biyu ne, na ganganci da na kuskure. Sauran mazhabobi sun ƙara na uku, mai kama da ganganci, amma Malikawa ba su karɓe shi ba sai a sha'anin uba da ɗansa. Saboda haka wanda ya doki mutum bisa gaba, ko da sanda ce ko mari, mutumin kuwa ya mutu, ya yi kisan ganganci. Fushi ba ya zama uzuri, komai zafin tsokanar da aka yi masa.

To, amma jinin nan ba na sarki ba ne, ba kuma na alƙali ba. Na waliyyan mamaci ne, watau 'ya'yansa maza da 'yan'uwansa na wajen uba. In sun nemi ƙisasi sai a miƙa mai laifin ga hauni. In ɗaya daga cikin waɗanda matsayinsu yake daidai ya yafe, ƙisasi ya faɗi ke nan, ko da sauran ba su so ba. Suna iya yafewa kyauta, suna iya yin sulhu a kan diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Wanda aka yafe wa kuwa ba ya tafiya haka nan: akan yi masa bulala 100 a kuma ɗaure shi shekara guda. Kisan gilla ne kaɗai ba ya karɓar yafiya, shi ne a yaudari mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi domin abin hannunsa. Wannan hukuncinsa na hukuma ne. (Kalmar gilla ta faɗaɗa a bakin jama'a har ta zama sunan kowane mugun kisa, amma a fiƙihu ma'anarta ƙunci gare ta, ya kamata malamai su nuna wa ɗalibansu bambancin.)

Da Gwamna Lugga ya kafa mulkinsa a 1900, ya kuma ci Kano da Sakkwato a 1903, sai ya bar kotunan alƙalai da majalisun sarakuna a kan aikinsu. Ya hana yanke hannu da azabtarwa, ya kuma sa sharaɗin kada a zartar da hukuncin kisa sai Razdan ya duba, Gwamna ya tabbatar. A gefe guda kuma aka kafa dokar laifuffuka ta Turawa a Arewa a 1904, wadda ta game Nijeriya duka a 1916. A wannan doka wanda ya kashe mutum da niyya rataya ce hukuncinsa, joji ba shi da zaɓi, dangin mamaci ba su da ta cewa, ba mai iya sassautawa sai Gwamna. Amma in an tsokani mutum tsokana mai tsanani, ya yi kisa nan take kafin zuciyarsa ta huce, laifinsa ya sauka zuwa ƙaramin kisa, ɗauri ne kawai.

Mai karatu ya dubi abin da wannan ya haifar. Manomin da ya sari wani cikin zafin fushi zai tsira da ransa a gaban joji, amma a majalisar sarki sai ya mutu in dangi sun ƙi yafewa. Wanda ya kwana yana ƙulla yadda zai kashe abokin gabarsa, ya tare shi fili ya kashe, joji zai rataye shi, alhali a majalisar sarki yana iya komawa gidansa bayan shekara in an yi sulhu. Laifi ɗaya, gari ɗaya, amma ran mutum ya rataya ga ƙofar da aka shigar da shi.

Sarakuna da malamansu suna da hujjojinsu. Ƙisasi da yafiya duka biyu Alƙur'ani ya shar'anta su a ayoyi na 178 da 179 na Suratul Baƙara, ba abin da ɗan Adam zai rage ko ya ƙara. Sa'an nan suka ce hikimar barin jini a hannun dangi ita ce kashe wutar ramuwa. Dangin da aka ba ikon kashewa suka zaɓi yafewa sun huce ke nan, gaba ta ƙare. Waɗanda hukuma ta ƙwace musu haƙƙinsu ta ɗaure mai laifin 'yan shekaru, su kam suna nan suna jiransa. Game da uzurin fushi kuwa suka ce in aka buɗe wannan ƙofa, wane mai kisa ne zai rasa cewa an tsokane shi? Hujjar nan tana da ƙarfi fiye da yadda jojoji suka yarda.

Su ma Turawa ba su rasa abin faɗi ba. Suka ce kisa laifi ne ga jama'a duka, bai kamata mai dukiya ya fanshi wuyansa talaka ya rasa nasa ba, bai kuma kamata mai ƙarfi ya matsa wa dangi matalauta su yafe ba. Abin da ya fi damunsu shi ne ƙasama. In ba a sami shaidu biyu adilai ba, amma akwai alama mai ƙarfi, misali mamaci ya ambaci sunan wanda ya sare shi kafin ya cika, sai waliyyai su yi rantsuwa 50 a kashe wanda ake tuhuma, ko da ba su ga kisan da idonsu ba. Akwai kuma hukuncin da ya ce ba a kashe Musulmi domin wanda ba Musulmi ba, sai a kisan gilla. Wannan ya tsorata ƙabilun da ba Musulmi ba, suka kai kukansu gaban Hukumar Willink a 1957 da 1958. Abin lura, tsoron a kashe marar laifi, wanda Turawa suka soki ƙasama da shi, shi ne ke cin tasu dokar a gida a daidai wannan lokaci. A 1950 aka rataye Timothy Evans a Ingila, a 1966 aka wanke shi yana kabari. Majalisar Ingila ta dakatar da rataye masu kisan kai a 1965, ta tabbatar da haka a 1969. Ba su taɓa kawo wannan shawara a Kaduna ba.

Rigimar ta fashe a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Majalisar Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa a kan laifin da dokar Turawa za ta ɗauka ƙaramin kisa saboda tsokana. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin. Sarakuna suka ga an taɓa tushen shari'a, aka gyara doka a 1948, aka sake gyarawa a 1951, duk ba a rabu da rikici ba. A 1957, a shari'ar Maizabo da En'e ta Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce alƙali yana iya bin fiƙihu wajen tabbatar da laifi, amma kada horonsa ya wuce wanda dokar Turawa ta ƙayyade wa wannan aikin. An bar wa alƙali littafinsa ke nan, an karɓe takobinsa.

Da mulkin kai ya matso, gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Fakistan da Farfesa Anderson na Landan da wakilai na gida. Suka ba da shawara a ɗauki samfurin dokar Sudan, wadda ita ma daga ta Indiya ta 1860 ta samo asali. Majalisa ta zartar da sabuwar dokar a 1959, ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. Sashe na 221 ya tabbatar da kisa ga mai kisan ganganci, sashe na 222 ya karɓi uzurin tsokana. Haƙƙin waliyyai bai mutu sarai ba, amma ya rame: kotu za ta kira su ta ji ko suna son a kashe, ta rubuta, a aika wa masu ba da shawara a kan afuwa, su kuwa ba tilas ne su bi ba.

Majalisun shari'a na sarakuna sun ƙare a 1967 da 1968 a zamanin soja. Jihar Zamfara ta dawo da ƙisasi da diyya cikin rubutacciyar doka a 2000, wasu jihohi suka bi, a Janairun 2002 kuma aka rataye Sani Yakubu Rodi a kurkukun Kaduna bisa hukuncin wata kotun shari'a ta Katsina. Har a ƙarƙashin waɗannan dokoki, ko dangi sun nemi jini, ba a zartar da kisa sai gwamnan jiha ya sa hannu.