Arondisuman Tasawa: Gundumar da Sunanta Ya Saura a Takardun Iyayenmu

Ƴan uwa matasa, duk wanda ya taɓa buɗe adakar mahaifinsa a ƙasar Tasawa, ya ciro takardar haihuwa ko tsohon rasit na lanho, zai ga hatimi da sunan arondisuman Tasawa. Yau babu wannan suna a taswirar mulki, amma a ƙarƙashinsa iyayenmu suka yi noma, suka biya haraji, suka kai ƙara shekaru talatin da wani abu.

Tasawa ta girmi Nasara nesa ba kusa ba. Gari ne na Tazarawa a ƙasar Katsina ta arewa, zango a kan hanyar fatake daga Abzin zuwa Kano. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya sauka a cikinta a 1851, ya tarar da kasuwa tana ci. Faransawa kuwa da jini suka shigo. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine, wanda ya ƙona garuruwa tun daga bakin Kwara, ya zo ƙarshensa a Maijirgi, inda sojojinsu da kansu suka harbe su. Kaburburansu na nan har gobe, kuma da yawanmu mun sha wuce su a mota ba mu sani ba.

Daga baya Nasara ya ajiye kumandan a Tasawa, har Maraɗi ma daga nan ake mulkinta. A 1927 aka ɗauke hedikwata aka kai Maraɗi. Tun daga ranar ƙanwa ta zama ya, kuma a ganina Tasawa ba ta gama farfaɗowa daga wannan ba, don cinikin gyaɗa da manyan kantuna duk can suka bi. Talakan ƙauye shi dai bai ga sauƙi ba: gardi, haraji, da aikin dole wanda sai 1946 aka soke shi.

Bayan ƴancin kai, dokar 1964 ta raba ƙasa zuwa manyan gundumomi bakwai, kowace da arondisumanta. Tasawa ta zama ɗaya a ƙarƙashin Maraɗi, da sufefe a kanta. Sufefe ba zaɓaɓɓe ba ne, daga Yamai ake turo shi, sau da yawa ma baƙo ne a ƙasar. Shi ke kiran sarakunan kanto na Tasawa, Korgom da Urafan, su kuma su kira masu gari. Rikicin gona, burtalin makiyaya, rabon tsaba a shekarun yunwa irin 1984, duk a ƙofarsa suke ƙarewa. In ka dace da mai adalci ka huta, in ba ka dace ba sai haƙuri, don Yamai nesa take. A 1972 aka yanke Agye ta zama mai cin gashin kanta, ƙasar ta rage.

Sai gyaran da ya mayar da arondisuma gundumomi, ya kuma kafa kananan hukumomi. Ƙasar ta kasu bakwai: Tasawa, Baudeta, Hawandawaki, Kona, Korgom, Maijirgi da Urafan. A watan Yulin 2004 mutanen waɗannan ƙauyuka suka jefa ƙuri'a, suka zaɓi kansiloli daga cikin ƴaƴansu. A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun, suka naɗa wakilai a madadin magadan gari.